Wace Feda Ce Za Ta Zama Tsohuwar Zuma?

Akwai wani ƙaramin akwatin ƙarfe, wanda sau da yawa bai wuce tafin hannu ba, da makaɗin jita ke ajiyewa a ƙasa tsakanin jitarsa da amfilifaya. Da zarar ya taka shi sai sautin ya sauya kama: ko dai ya yi kaushi kamar muryar mai mura, ko ya yi amsa-kuwwa kamar kira a cikin rijiya, ko ya riƙa kaɗawa kamar ruwa a ƙwarya. Mu masu gyara feda muke ce masa, kamar dai ta keke, tunda da ƙafa ake sarrafa shi. Shekara goma sha huɗu ke nan ina kwance irin waɗannan akwatuna a shagona, ina narka dalma, ina sauya abin da ya ƙone. A tsawon wannan lokaci na ga wani abu da ya ɗaure mini kai: kayan da aka ƙera don a taka su da takalmi sun koma kayan da ake kullewa a kabad, ana lissafin kuɗinsu kamar gwal.

Wadda ta fi shahara a wannan fage ita ce Klon Centaur. Wani Ba'amurke mai suna Bill Finnegan ne ya fara ƙera ta a birnin Boston a 1994, da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. A cikin kusan shekara goma sha biyar ya yi kamar guda dubu takwas, sa'annan ya dakata. Yakan malale kayan cikinta da wani baƙin danƙo mai daskarewa don kada masu kwaikwayo su gane sirrinsa. Dala ɗaruruwa kaɗan yake sayar da ita, yau kuwa sai an ajiye dubbai kafin a taɓa ta. An daɗe da kankare danƙon, an gano tsarin, kamfanoni da dama suna yin irinta da arha, kuma kunnen mafi yawan mutane ba ya bambance su. Duk da haka farashin ta asali bai sauko ba. Wanda ya saye ta a yau labarinta ya saya, sautin kuma ya zo masa a matsayin gyara.

Amma ni ba Klon ce malamata ba a wannan sha'ani. Na fi karkata ga tarihin Boss HM-2, wadda kamfanin ya fitar a 1983 ya kuma daina yi a 1991. Feda ce baƙa mai rubutu ruwan lemo, mai arha. Sai wasu samari a Istokholm ta ƙasar Suwidin suka murɗa dukkan maɓallanta huɗu har ƙarshe, abin da babu injiniyan da ya yi niyyar a yi, suka sami wani sauti kamar na zarton inji. Faifan ƙungiyar Entombed mai suna Left Hand Path, wanda ya fito a 1990, shi ya kai wannan sauti ko'ina, har ya zama tambarin wani salon kiɗa sukutum. Masu nema suka yi ta farautar tsofaffin, har a 2021 kamfanin ya ga babu makawa ya sake ƙera ta. Haka ma Maestro Fuzz-Tone ta yi kwantai a shaguna tun 1962, sai da Keith Richards ya taka ta a wata waƙar Rolling Stones a 1965 kasuwarta ta buɗe. A dukkan misalan biyu, wani ne ya ɗauki abin da ke hannunsa ya fitar da sautin da ba a taɓa ji ba, daga baya abin ya yi wuyar samu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana, sai dai kafin ta tsufa dole ta kasance zuma.

Na faɗi haka ne saboda abin da ya faru a watan Maris na 2023. Josh Scott, mai kamfanin JHS, ya fitar da bidiyo yana gwada wata tsohuwar feda mai arha, DigiTech Bad Monkey, kafaɗa da kafaɗa da Klon, ya nuna da wuya a rarrabe su. Kafin mako ya zagayo, abin da ake sayarwa kamar dala hamsin ya koma ana yi masa kuɗi ɗaruruwa. Sunan fedar ma'anarsa mugun biri, kuma ban taɓa ganin cinikin biri a sama da ya amsa sunansa kamar wannan ba. Ƙura ta lafa, farashi ya sauko. Bidiyo yana iya tayar da kasuwa na wata guda, amma ba ya haifar da faifan da yara za su zauna suna koyon kaɗawa.

To cikin fedojin wannan zamani wace ce za ta kai labari? Idan aka matsa mini in zaɓi ɗaya, koriyar nan Line 6 DL4 zan nuna. Ta fito a ƙarshen shekarun 1990, ga ta da faɗi kamar farantin abinci, aikinta maimaita sauti. A cikinta akwai wata dabara da ke naɗar kiɗa na daƙiƙa goma sha huɗu ta riƙa juya shi, makaɗi ya ɗora wani a kai, ya mayar da shi baya, ko ya rage masa sauri. Da wannan ne Dave Knudson na ƙungiyar Minus the Bear ya gina salonsa, yana jera su da yawa a gabansa yana tattakawa kamar mai rawa, Andrew Bird kuma ya riƙa tara muryoyin gogensa na Turawa shi kaɗai a kan dandali. An yi ta da yawa, gaskiya ne, amma duk mai gyara ya san lagonta: maɓallan takawarta ba su da ƙwari. Kowace shekara masu lafiya suna raguwa. An fitar da sabuwa a 2022, wadda ta fi ta komai a takarda, kuma a ganina hakan ne zai sa a fara kewar tsohuwar.

Bayanta sai kayan Chase Bliss, kamfanin da Joel Korte ya kafa a jihar Minnesota, ya sa masa sunan ɗan'uwansa Chase wanda wani direba da ya sha ya bugu ya yi ajalinsa. Fedarsu Mood ta 2019 ba ta kwaikwayon komai na da, takan tsinci gutsuren abin da ka kaɗa ta wargaza shi ta mayar maka da shi a wata siffa. Akwai kuma Generation Loss, wadda Tom Majeski ya fara yi a ƙaramin kamfaninsa Cooper FX kafin ya koma Chase Bliss. Aikinta ta lalata sauti ya zama kamar na tsohon kaset ɗin bidiyo da aka kwafa daga kwafi. Ranar da na fara jin ta sai da na yi dariya. Mu da muka tashi muna warware zaren kaset da biro, muna addu'ar ranar da za mu rabu da wannan shuu da rawar murya, ga shi wasu suna biyan ɗaruruwan daloli don su dawo da su. Kwafin farko na Cooper FX kaɗan ne, kamfanin kuma ya rufe, saboda haka sharuɗɗa biyu sun cika. Saura faifan da zai sa sautin ya zama na wani zamani.

King of Tone ta Mike Piera, mai kamfanin Analog Man, mutane na jira shekaru a layi kafin su samu, amma tsadarta a hannun 'yan kasuwa kuɗin tsallake layi ne. Ranar da ya ajiye aiki za a san matsayinta na gaskiya. Plasma Pedal ta kamfanin Gamechanger Audio da ke Riga a ƙasar Latbiya tana mayar da sautin jita tartsatsin wuta mai ƙarfin bolt 3,500 a cikin bututun gilashi, kana kaɗawa kana kallon walƙiya. Ko ba ta haifar da salo ba, irin abin nan ne da mai tara kaya ke son nuna wa baƙo.

Wadda nake shakka a kanta ita ce wadda ta fi kowacce cika ido, Strymon BigSky ta 2013. Sautinta yana da kyau ƙwarai, ta shiga majami'u da ɗakunan naɗar sauti ba iyaka. Sai dai a 2022 kamfanin da kansa ya fitar da ita a matsayin manhajar kwamfuta. Da zarar sauti ya fita daga akwati ya koma manhaja, akwatin ya zama ɓawo.

A nan ne sana'ata ke sa ni ganin abin da masu hasashen farashi ba su cika dubawa ba. Fuzz Face ta 1966, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita, taransisto biyu ne a cikinta da wasu 'yan ƙananan kaya da ba su cika cokali ba. Ko bayan shekara ɗari, duk mai ƙarfen narka dalma zai iya tashinta. Fedar zamani kuwa 'yar kwamfuta ce, ranta yana cikin wata ƙwaya guda mai ɗauke da manhajar da kamfanin kaɗai ke da ita. Idan ƙwayar ta mutu, kamfanin kuma ya riga ta mutuwa, sai dai a tokare ƙofa da akwatin. An taɓa ganin kwatankwacin haka da ƙwayar MN3005 ta Panasonic, wadda ke cikin Boss DM-2 ta farko. Da aka daina yin ta sai gyara ya zama tashin hankali, har sai da wani kamfani ya sake ƙera irinta. Wancan ƙwaya ce da za a iya kwaikwaya. Manhajar da aka kulle, wa zai sake rubuta ta? Ina tsoron da yawa cikin fedojin da ake yabo yau za su kai shekara arba'in a kan kanta, da kwalinsu da takardarsu, amma bebaye.

Akwai kuma wani saɓani da nake kwana da shi. Mai tarawa yana son feda yadda ta fito daga masana'anta, ba a taɓa dalmarta ba, ba a sauya ko da dunƙulen waya ba. Duk gyaran da na yi yana rage mata kuɗi a wurinsa, alhali shi ne ke ƙara mata kwana a ƙarƙashin ƙafar makaɗi. Kuma makaɗan da nake hulɗa da su, masu bin sawun jitar Agadas da Bombino da Mdou Moctar suka kai duniya, ba masu kabad ba ne. Fedojinsu na hannu ne, sun sha ƙura da zafin rana da wutar janareto mai hawa da sauka.

A damunar bara ɗaya daga cikinsu ya kawo mini wata Boss DS-1 da ramin wayarta ya karye. Da na juya ta sai na ga baƙar takarda mai cewa a Japan aka yi ta, ga kuma kusar murfin batir fara ta ƙarfe, alamar 'yan farkon fitowa ne bayan 1978. Na gaya masa cewa akwai masu neman irinta a ƙasashen waje, kuma idan na sa mata sabon rami darajarta za ta ragu a idonsu. Ya ɗan yi shiru yana jujjuya ta a hannu, ya tambaye ni ko kuɗin zai sayi wata mai irin wannan kukan. Na ce zai sayi sabbi fiye da ɗaya, amma ƙwayar da ke cikinsu daban ce. Sai ya miƙo mini ita ya ce, "Malam, sa mata ramin kawai, ranar Asabar muna da biki."