Shirin Tafiyar Kasuwa Ta Ruwa A Ƙasar Bade Lokacin Hunturu

Garin Gashuwa yana bakin kogin Yobe ne, gabas kaɗan da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke gamuwa bayan sun gama yawo cikin fadamu. Daga nan kogin ya miƙa ta Gaidam, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar, ya nufi Tafkin Cadi. Nan ne fadar Mai Bade tun 1946, lokacin da aka taso da sarautar daga Gogaram. Wanda ya zo garin da bazara zai ga yashi da kududdufai, ya yi mamakin abin da ya sa ake ta zancen kogi. Wanda ya zo da kaka ko farkon hunturu kuwa zai tarar da wata ƙasa dabam, inda ƙauyuka da yawa ba su da hanyar kai amfaninsu kasuwa da ta fi kwale-kwale sauƙi.

A ƙasashen Turai akwai wata al'ada ta irin wannan lokaci. Cikin watan Disamba mutane sukan biya kuɗi mai yawa su shiga jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da wurin cin abinci, ya bi kogin Rayin ko Danub da su, yana tsayawa gari gari su ci kasuwar Kirsimeti, su dawo su kwanta. Shirin mai wannan tafiya bai wuce zaɓen rigar sanyi da barin fili cikin akwati saboda tsaraba ba, don kamfani ya ɗauke masa sauran. To, a ƙasar Bade babu wannan kamfani. Akwai ruwa, akwai sanyi, akwai kasuwa, amma shiri duka yana wuyan matafiyi da matuƙinsa, kuma kuskure a cikinsa ba asarar tsaraba kaɗai yake jawowa ba.

Farkon shiri shi ne sanin ruwa. Ambaliyar wannan yanki ba ta tafiya tare da damina. Ruwan saman da ya sauka a ƙasar Kano da tsaunukan Jos yakan ɗauki makonni yana cika fadamu ɗaya bayan ɗaya, sai wajen Satumba ko Oktoba kogi yake kai maƙura a Gashuwa, alhali kuwa sama ta riga ta ɗauke. Daga Nuwamba ruwa ya fara ja. Saboda haka hanyar da jirgi ya bi lafiya farkon Disamba, kafin ƙarshen Janairu tana iya zama taɓo. Har ila yau ruwan ba na Allah da damina kaɗai ba ne yanzu, akwai hannun mutum a ciki. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, yanayin ambaliya ya sāke. Filin da ruwa yake rufewa ya haura murabba'in kilomita 2,000 a 1969, amma a 1993 bai kai 500 ba. Sa'an nan sakin ruwa da rani da damina ya sa wasu hanyoyi ba sa bushewa sam, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe su, ruwa ya riƙa kwarara inda ba a so, ya bar inda ake jiransa.

Wannan ne ya sa taswira ba ta da amfani ƙwarai a nan. Baƙo yakan duba takarda ya ga Nguru da tafkinta, ya ga Gashuwa da koginta, tsakaninsu kimanin kilomita 65, ya ce ai sai ya shiga jirgi can ya sauka nan. Ina! Ruwan da ke cika tafkin Nguru ta hanyar Marma yake zuwa, ya rabu da babban kogi tun daga ƙasar Haɗeja, kuma kaɗan ne daga cikinsa yake komowa kogin Yobe. Tsakanin garuruwan biyu mota ake shiga, a bi ta Jajimaji. Tafiyar ruwa ta wannan ƙasa gajere-gajere ce: daga ƙauye zuwa mashigi, daga mashigi zuwa kasuwa, daga tungar masunta zuwa bakin titi. Mai son ya yi ta sai ya sauka a ɗayan garuruwan, ya nemi wanda zai haɗa shi da sarkin ruwa ko dattawan 'yan fito, ya gaishe su yadda ya kamata, ya faɗi inda ya nufa, su kuma su gaya masa wace hanya ke da ruwa a wannan mako. Labarin makon jiya ma ya tsufa.

Bayan ruwa sai jirgi. Mafi yawan jiragen nan na katako ne da ƙusa, ana toshe tsagunsu da tsumma da kwalta, wasu da inji, wasu da gora da filafili. Mai hankali yakan je bakin ruwa da yamma kafin ranar tafiya ya ga jirgin da idonsa. Ruwa kaɗan a cikin jirgin katako ba abin tsoro ba ne, kowane yana da gwangwanin kwarfa. Abin dubawa shi ne ko ruwan yana ƙaruwa jirgi na tsaye, da ko akwai gora da filafili ko da jirgin mai inji ne, domin kacala da tsofaffin tarun masunta sukan naɗe farfela a tsakiyar hanya. A gama ciniki a tudu, a san ko kuɗin mai yana ciki. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuɗin mai ya zama babban abin da matuƙi yake lissafi da shi, kuma shi ne yakan sa ya so ya haɗa sawu biyu ya yi ɗaya. Wanda ya ɗauki shatar jirgi sai ya faɗi tun farko mutum nawa za su shiga, kada a tashi ya ga an ƙaro masa buhu goma da babur.

Zancen tufafi kuwa, hunturun arewacin Yobe fuska biyu gare shi. Da asuba cikin Janairu sanyi yakan sauko wajen maki 13, a kan ruwa kuma ga iska ga hazo, har mutum ya kasa riƙe butarsa. Kafin azahar rana ta kai maki 30, ba inuwa ko ɗaya a jirgi. Don haka babbar riga mai nauyi guda ɗaya ba ta yi. An fi so a sa tufa bisa tufa, a riƙa cirewa rana tana ɗagawa: 'yar ciki, riga, rigar sanyi, sa'an nan mayafi ko bargo mara nauyi. Rawani ko hirami ya fi komai aiki, da safe ya rufe kunne, da rana ya tare ƙura daga hanci. Malafa ta kaba ana samunta a kasuwar da araha, ba sai an ɗauko daga gida ba. Takalmi na roba, domin sau da yawa jirgi ba ya kaiwa gaci, sai an taka ruwa. A riƙe man kaɗe saboda kaushi da faso. Amma akwai abin da ba a cika faɗa wa baƙo ba: tufafin da ke tsare mutum daga sanyi su ne ke janyo shi ƙasa in jirgi ya kife. Bargo a yafa shi, kada a ɗaure shi a jiki. Mata masu goyo su ma an fi so su sauko da yaro kan cinya kafin a tashi.

Guzuri ba ya son yawa. Dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, dakuwa, goro, da shayi a fulas sun isa yini guda, ga shi kuma kasuwa aka nufa, inda za a tarar da soyayyen kifi da ƙosai da fura. Ruwan sha ne ba a wasa da shi. A ɗauko daga gari, wanda zai isa sha da alwala. Ruwan fadama mai kwanciya gidan tsargiya ne, kuma ba sai an sha ba, wanka ko daɗewa a cikinsa ya isa. Wanda zai kwana a ƙauye ya riƙe gidan sauro, kada sanyi ya ruɗe shi, sauron bakin ruwa ba ya tafiya hutun hunturu. Sai tocila, da darduma, da katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro a hanya. Kuɗi a riƙe tsaba, da canji ƙanana, a ƙulle cikin leda tare da waya, a sa a aljihun ciki. Duk wannan ya shiga jaka ɗaya wadda mutum zai iya ɗora wa kansa ya taka ruwa da ita. Akwatin ƙarfe ko mai taya ya zauna a masauki.

Saura rigar ruwa, watau rigar da ke hana nutsewa. Dokar Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta ce kowane fasinja ya sa ta, ta kuma hana tafiyar dare. Doka ce mai kyau, sai dai mashigan fadama suna da yawa, ba a kowane ake tarar da jami'i ko riga ba. Baƙon da ya taso daga Kano ko Damaturu, tun da ya iya biyan kuɗin mota, ya iya sayen tasa ya zo da ita, ya sa ta kuma, ko da 'yan jirgi za su yi masa murmushi. Masunta sun iya iyo tun suna yara. Mai tallar nono da ɗan kasuwar hatsi da malamin makaranta da ke zaune kusa da su ba lalle ne sun iya ba.

Tafiyar zuwa ita ce mai daɗi. Jirgi ya ratsa tsakanin gonakin shinkafa da aka yanke da sababbin fadamun albasa da barkono da alkama, goruba ta yi jere a tudu, masunta suna kwance bisa gora suna duba mamari da kalli. Wannan ne kuma lokacin baƙin tsuntsaye, agwagin ruwa da 'yan'uwansu da suke gudo sanyin Turai, su tsallake Hamada su sauka nan, su haɗu da kirinjijiya da ɗinya da zalɓe na gida. Saboda su aka keɓe tafkin Dagona, wanda Yarima Filip na Ingila ya ziyarta a 1989, yau kuma yana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, shiga sai da izinin ma'aikatansa. Tafkin Nguru da hanyar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a shekara ta 2000. Mai madubin hangen nesa ya zo da shi, ba zai yi da-na-sani ba.

Kasuwa kuwa ta haɗa Badawa da Mangawa da Fulani da Hausawa, Hausa ce kuma harshen ciniki. Ga bandar tarwaɗa da karfasa da bargi ana jerawa cikin kwalaye za a kai kudu, ga shinkafar Gashuwa da sunanta ya kai nesa, ga kanwa daga ƙasar Manga, ga tabarmi da igiyoyin kaba. Nguru ta san irin wannan hada-hada tun 1930, da layin dogo daga Kano ya iso ya tsaya a nan, gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu suka riƙa bi ta tasharta. Mai sayen banda ya karya ɗaya ya duba ciki, in ya ga gari yana zuba ƙwaro ya riga shi.

Komowa ita ce wurin hatsari, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da safe mutane sukan fito kashi kashi, kowa da lokacinsa. Da yamma kowa so yake ya koma lokaci guda, bayan ya sayar, ya yi sayayya, ya karɓi bashi, ya yi la'asar. Jirgin da ya kawo mutum ashirin sai ya ga arba'in suna jiransa, kowane da ƙullinsa, rana kuma a wannan lokaci na shekara wajen ƙarfe 6 ta faɗi, hazo ya haɗu da duhu, kututture da tudun yashi ba sa ganuwa. Ranar 3 ga Janairu, 2026, wani kwale-kwale ɗauke da mutum 52 ya taso daga Adiyani ta ƙasar Guri a Jihar Jigawa zai tafi Garbi ta ƙasar Nguru, ya kife da dare. Aƙalla mutum 25 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ba baƙi ba ne, mutanen wurin ne da suka saba da wannan ruwa.

Saboda haka tun kafin a bar masauki a yanke lokacin juyowa, a gaya wa matuƙi, a kuma sanar da mai masauki. Ƙarfe 4 na yamma a ce an bar kasuwa, ko ciniki ya faɗa ko bai faɗa ba. A wurin lodi, buhuna su kwanta ƙasa a tsakiya, dabbobi a ɗaure ƙafafunsu, mutane su zauna ƙasa-ƙasa, ba mai hawa bisa kaya. In an gama lodi a dubi gefen jirgi: in abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin katako bai kai tsawon tafin hannu ba, mutum ya ɗauki jakarsa ya sauka. Ba sai da faɗa ba. Ya ce, "Baba, ku je, ni sai sawu na gaba," in kuma babu sawu na gaba ya nemi mai gari, ba a rasa zauren da baƙo zai kwana a ƙasar nan. Kuɗin kwana ɗaya na ko-ta-kwana da gidan sauron nan da ke cikin jaka, amfaninsu ke nan.

Daga Fabrairu zuwa Maris ruwa ya gama ja, kifi ya taru a gurabe masu zurfi, lokacin su na gayya ya yi, wanda mafi shahara a cikinsu shi ne bikin kamun kifi na Bade a Gogaram. Mai son ganinsa ya tambayi fadar Mai Bade ko za a yi a shekarar da kuma ranar da aka tsayar. Zuwa can a mota ne, don a lokacin jirage da yawa an riga an ja su tudu an kife ana ɗinke tsagu, amalanke da babura suna bin hanyoyin da aka tuƙa cikin Disamba.