Ba A Cinikin Biri A Sama

A wajen Bahaushe, ciniki yana da ƙa'ida da ladabi. Mai kaya yakan faɗi kuɗi, ko kuwa ya ce a taya. Idan tayin bai kai ba sai ya ce, "Albarka." Idan ya kai sai ya ce, "Na sallama." Bayan sallama, mai saye yana iya neman gyara, wato ɗan ƙari a kan abin da ya saya. A kan wannan ƙa'ida ake sayar da tumatir, a kanta kuma ake sayar da doki. Ni a Agege na tashi, cikin Legas, a hannun kawuna wanda ya daɗe yana dillancin shanu, saboda haka tun ina yaro na san waɗannan kalmomi.

A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur a Nijeriya. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ya kusan ninkawa sau uku, kafin ƙarshen 2024 kuwa ya haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Ni akanta ne, kullum sai na tuƙa daga Agege zuwa Ikoyi na dawo, kimanin kilomita 60. Na zauna na yi lissafi. Tsohuwar motata tana shan man naira 130,000 a wata. Motar lantarki kuwa za ta ci kamar yunit 210 na wuta, ko wane yunit a kan naira 200 da 'yan kai, wato abin da bai wuce naira 45,000 ba. Na sayar da tsohuwar motar, na haɗa da ajiyata ta shekara biyar, na kuma karɓi rance a ƙungiyar adashin ma'aikatanmu. Duk abin da na mallaka ke nan, don haka na roƙi Kawu ya raka ni.

Motar da na gani ƙarama ce, ƙirar ƙasar Sin, an ɗan yi amfani da ita a waje, irin wadda mutanen Legas ke kira tokumbo. Mai sayarwa ya miƙo takarda: kuɗin mota naira miliyan 20, harajin sayen kaya kashi 7.5 cikin ɗari, wato miliyan 1.5. Kawu bai ko dubi takardar ba. Ya kewaya motar sau biyu, sannan ya ce da ni, "Ɗana, idan zan sayi sa, haƙoransa nake dubawa in san shekarunsa. Ita wannan ina haƙoranta?"

Na ce, "Kawu, batirinta ne. Yana shimfiɗe a ƙarƙashinta, ba a ganinsa."

Ya ce, "To, ba a cinikin biri a sama. A nuna mana shi tukuna."

Tambayar ta faɗa daidai inda ya kamata. Batiri shi ne abu mafi tsada a jikin motar lantarki, kuma ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, musamman a ƙasa mai zafi. Ana iya jona wata 'yar na'ura a jikin motar a ga ƙarfin da ya rage masa. Muka kira makanikin da ya san aikin, ya auna, ya ce saura kashi 91 cikin ɗari. Ma'ana, motar da take yin kilomita 300 da caji ɗaya tana sabuwa, yanzu 270 da 'yan kai za ta yi. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin batiri na shekara 8 ko kilomita 160,000, amma sau da yawa garantin ba ya bin motar da aka fitar zuwa wata ƙasa. Da waɗannan hujjoji biyu na taya miliyan 16.

Mai sayarwa ya yi dariya ya girgiza kai, wanda shi ne "albarka" irin nasa. Kawu ya gyara hularsa ya nufi ƙofa a hankali, ni ma na bi shi. Ya taɓa gaya mini cewa mai saye ba shi da makamin da ya fi ƙafarsa. Ba mu kai bakin titi ba aka kira mu. Aka yi ta ja, yana sauka ina hawa, har muka tsaya a miliyan 18.

Daga nan muka shiga maganar rangwame. A Amurka, wata doka ta 2022 ta ba mai sayen sabuwar motar lantarki sauƙin haraji har dala 7,500, kafin a daina a 2025. Mu a nan gwamnati ba ta miƙa wa mai saye kuɗi, amma a watan Oktoba na 2024 ta sanar da cire harajin sayen kaya a kan motocin lantarki. Na nuna wa mai sayarwa sanarwar a wayata. Ya shiga wajen manajansa, ya daɗe, da ya fito sai ga layin harajin an soke shi. Fiye da miliyan ɗaya ke nan ta tsira a aljihuna. Kawu kuma bai manta da gyara ba. Ya sa na nemi na'urar caji ta gida tare da kafa ta, da garantin batiri na shekara ɗaya a rubuce, da sa hannu da hatimi. Mai sayarwa ya yi tsaki kaɗan, ya yarda.

Duk da haka ban biya ba a ranar, domin akwai sauran ciniki ɗaya, shi ne inshora. Doka ta wajabta wa kowace mota ƙaramar inshora, wadda ke biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani. Tun daga Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga motar gida, tana kuma biyan ɓarnar dukiya har ta miliyan 3. Sai dai ba ta biyan ko kwabo a kan motar mai ita. Cikakkiyar inshora ce ke yin haka, hukumar inshora ta ƙasa kuwa ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar mota. A tawa motar, naira 900,000 ke nan a shekara.

Na sake ɗaukar biro. Abin da zan rage na mai a shekara ya ɗan haura miliyan ɗaya, ga shi inshora za ta cinye kusan duka. Ribar da ta rage ita ce ta juyen baƙin mai da gyaran inji, waɗanda motar lantarki ba ta bukata. Na kwana biyu ina juya maganar. Amma mutumin da ke bin titin Legas kullum da motar rance, idan tirela ta murƙushe ta, ya rasa mota ga kuma bashi. Rigakafi ya fi magani.

Tun da ba a taya kuɗin, sai na yi ciniki a kan sharuɗɗa. Na je kamfani uku da tambayoyi iri ɗaya. Shin batiri yana cikin abin da za a biya? Idan ruwan damina ya cika titi ya shiga ƙarƙashin motar fa? Idan gobara ta tashi lokacin caji fa? A wane gareji za a yi gyara? Biyu suka amsa da baki kawai. Na ukun, kamfanin takaful ne, inda masu zubi ke taimakon juna a kuma raba musu rarar da ta saura, ya rubuta amsoshin a cikin takardar yarjejeniya. Shi na zaɓa, sannan na koma na biya kuɗin mota.

Yanzu nakan jona ta da dare, da asuba in tarar ta cika. Ranar da wutar ƙasa ta ɗauke gaba ɗaya, bas nake shiga. Idan za mu Kano hutun salla, a gida nake barinta, domin wuraren caji ba su da yawa a hanya. Saura shekara biyu in gama biyan rance, kuɗin inshora kuma zai riƙa sauka yayin da darajar motar ke raguwa. Abokan aikina biyu sun zo neman shawara. Kowannensu na ba shi farar takarda mai layi huɗu: mota, haraji, batiri da caji, inshora. Na ce ya cike su duka da alƙaluma kafin ya buɗe baki ya taya.