Zaman da Babu Mai Zama

Magatakardan ya daɗe yana haƙuri da wata ɗabi'a ta abokan aikinsa. Rumbun bayanan ofishinsu, wanda aka gina da Microsoft Access, fayil ɗaya ne tal, kowa yana shigarsa daga kwamfutarsa. Manhajar tana iya ɗaukar mutum 255 a lokaci guda, amma girman fayil ba ya wuce gigabait 2, ga shi kullum kumbura yake yi. Ba a kuma iya matse shi sai kowa ya fita.

To, nan gizo ke saƙa. Da an tashi aiki, sai wani ya bar allonsa a buɗe, ya kulle ɗaki, ya tafi da makulli. Manhaja kuwa ba ta san ya tafi ba. A wurinta yana nan zaune. Haka magatakarda zai kai magariba yana jiran mutumin da tuni ya isa gida.

Da tura ta kai bango, sai ya sa wa manhajar agogo: duk wanda ya yi minti 30 bai taɓa komai ba, a rufe zamansa. Kwana uku da yin haka, wata dattijuwa mai shigar da lissafi ta dawo daga sallar azahar, ta tarar layin da ta fara cikawa ya ɓace. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana," in ji ta, "ko baƙo za a sallama, ai akan gaya masa tukuna."

Da yammar nan ya ƙara saƙon gargaɗi, ya mayar da wa'adin awa ɗaya. Layin nata kuwa, ita ta riƙa karantowa daga takarda, shi yana shigarwa.