Yadda Na Ɓata Wa Auta Duwatsun Lefe

Jama'a, duk wanda ya riƙe dutsen wuya ko jigida a hannu, launi yake dubawa da sheƙi, ba na jin akwai mai ɗaga shi ya leƙa cikin hudar. Ni ma haka nake har zuwa bazarar bara, sa'ad da na jawo wa ƙanwata asara da kofin ruwa guda ɗaya tak.

Ƙanwar nan tawa ita ce autarmu, da Auta muke kiranta. Ta karanta fasahar gilashi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da ta gama hidimar ƙasa aiki bai samu ba, sai ta gyara wani ɗan ɗaki a bayan gidanmu ta shiga ƙera duwatsun ado. Ni na ranta mata kuɗin tukunyar gas da bututun hura wuta, watakila shi ya sa nake ganin ina da ta cewa a cikin sana'ar, alhali kuwa ban san kanta ba balle gindinta. Yadda take yi shi ne, ta riƙe sandar gilashi mai launi a hannun dama, ta kara bakinta a wuta har ya narke ya yi kamar zuma, sa'an nan ta riƙa naɗa shi a jikin wani siririn tsinken ƙarfe da take murzawa da hannun hagu. Inda tsinken nan ya zauna, nan ne hudar da zare zai bi.

To, a nan gizo ke saƙar. Narkakken gilashi in ya taɓa ƙarfe mai zafi, ya kama ke nan, babu mai raba su sai guduma. Saboda haka kafin a kai tsinke wuta sai an tsoma shi cikin wani haɗi mai kama da kunu, wanda ake yi da farin yumɓun nan da ake kira kawolin, da garin alumina, da ruwa. Auta kunu take ce masa, ni ma haka zan kira shi. Aikinsa yana da ban mamaki in mutum ya zauna ya yi tunani. Ana so ya riƙe ƙarfe ƙam sa'ad da ake juya dutse cikin wuta, ana danna shi, ana gyara masa fuska. Kuma ana so in komai ya huce, aka jiƙa shi da ruwa, ya marmashe ya saki. In ya cika ƙarfi dutse ba zai fita ba, in ya cika rauni ya fashe tun aiki bai ƙare ba. Daga ƙarshe kuma wanke shi ake yi a zubar, mai saye ba ya ko sanin an yi shi.

Ana nan sai wata Hajiya ta kawo mata aikin duwatsu 120, shuɗɗa masu faɗi, na sarƙoƙin da za a sa a lefen ɗanta, ta ba da rabin kuɗi, ta ce nan da mako guda. Shi ne babban aikin farko da Auta ta samu. Tsinkayenta ba su isa ba, sai ta sayo sandunan walda na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu kaurin milimita 2.4, aka yayyanka mata. Ran nan Asabar ce, ba ni da aiki a ofis, ita kuwa za ta kasuwa ta karɓo gilashi. Na ce ta bar mini tsoma tsinkaye, ai wannan ko yaro ya yi.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Yaya, don Allah ka wanke su tukuna da soson ƙarfe, sabbi ne, akwai maiƙo a jikinsu. Ka goge bakin da magagari. Kunun kuma ka juya shi sosai daga ƙasa, kada ka ƙara masa komai.”

Na ce, “Auta, jeki abinki. Mutumin da ke gyara labarin shafin farko ba zai kasa tsoma ƙarfe a kwalba ba.”

Na ɗauki tsinke na duba, na ga yana ta walƙiya, na ce wannan me za a wanke a jikinsa? Na tsallake. Na buɗe kwalbar kunu na ga ya yi ƙasa, ga tsinkaye 50 a gabana, na lissafa na ga ba zai kai ba. Sai dabarar masu sayar da koko ta faɗo mini, na ɗebo ruwa kofi guda na tuttula, na girgiza. Kai, aiki ya yi sauri! Ina tsomawa ina zarowa, ina kakkafa su a tsaye cikin bokitin yashi kamar yadda na ga tana yi, kan a ce haka na gama. Da suka bushe suka yi fari tas, babu mai cewa da wani abu. Da ta dawo ta yi mini godiya har da durƙusawa, ni kuwa na karɓa ban ce uffan ba.

Washegari ta zauna tun hantsi har bayan isha'i, ta yi duwatsu 40. Wasu tsinkayen tana kara su a wuta kunun ya ɓare, ta ajiye su gefe tana cewa ko sanyin ɗaki ne ya hana su bushewa. Sauran ba su nuna komai ba. Amma da yake duwatsu masu faɗi ne, sai an matse kowanne da awartaki tun yana da taushi, kuma a wurin matsin nan ne siririn kunun ya tsage daga ciki, gilashi ya sadu da ƙarfe, ido bai gani ba.

Da gari ya waye ta zuba su cikin roba da ruwa, suka jiƙa, ta kama tsinke da filaya ta murza dutsen farko. Shiru. Na biyu, shiru. Ina tsaye da kofin shayi ina kallo, cikina ya ɗuri ruwa. Cikin 40 ɗin nan 13 ne suka fita lafiya. Ta sa sauran cikin firij ko ƙarfe zai tsuke ya saki, ta sake jiƙawa, 4 suka fito, 2 suka dare a hannunta, ɗaya ya yanke ta a babban yatsa. Sa'an nan ta ɗauko kwalbar kunu ta karkata ta, ta ga yadda yake gudu kamar tsararon koko. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Yaya, ruwa ka ƙara?” Na ce e. Ta ce, “Ka wanke su?” Na ce a'a. Ta juya ta shiga ɗaki. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kunya ce ta sa na shiga bincike, irin namu na 'yan jarida da ba mu tashi neman sani sai ɓarna ta auku. Abin da na tarar shi ne, duk inda ake naɗa gilashi a jikin ƙarfe a duniyar nan, wannan matsala ita ce ta fara damun maƙera, kowa da maganin da ya samo. Masu tsohuwar hanya ta tanderu sukan yi amfani da sandar ƙarfe mai tsini, wadda ke sirancewa zuwa baki, su buge dutsen ya fita tun da zafinsa, domin ƙarfe ya fi gilashi saurin tsukewa in ya fara hucewa. A ƙauyukan da ke kusa da Izmir ta ƙasar Turkiyya, masu yin shuɗin dutsen nan mai kama da ido sukan goga wa sandar gishiri. Mutanen Murano ta Italiya kuwa, a shekarun 1930, sai suka zo da wata dabara ta daban: su naɗa gilashi a jikin siririn bututun jan ƙarfe, in ya huce su jefa cikin ruwan asid ya cinye ƙarfen, huda ta fito fes.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta Krobo a ƙasar Gana, ko da yake su ba naɗawa suke yi ba. Kwalabe suke dakawa su zama gari, su zuba cikin 'yan ramukan da aka yi a jikin faifan yumɓu, bayan sun shafe ramukan da ruwan kawolin don kada gilashi ya kama. A tsakiyar kowane rami sai su kafa tsinken ganyen rogo. In aka sa a wuta tsinken ya ƙone, ya bar huda. Watau su ma da nasu kunun, tsinkensu ne kawai ba ya jiran a zare shi.

Mu ma nan gida ba baƙi ba ne a wannan fage. Mutanen unguwar Masaga a Bida sun daɗe suna narka gilashi suna naɗa shi a sandar ƙarfe, suna yin duwatsu da karau, har S. F. Nadel ya yi bayaninsu cikin littafinsa kan Nufawa na 1942, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'ar hannu. Sau nawa muka buga labarin irin waɗannan masu sana'a, mu ɗauki hoton wuta da jan gilashi don shi ke ƙawata shafi, ba mu taɓa tambayar yadda dutsen ke rabuwa da ƙarfen ba?

Da yamma na je na ba Auta haƙuri, na ce a cire kuɗin gilashin da ya salwanta daga bashin da nake binta. Ta ce ba kuɗin ne ya dame ta ba, kwanakin ne. Sa'an nan ta ce tun da na ɓata, sai in zauna in koya. Muka nannaɗe duwatsun da suka maƙale cikin tsumma muka farfasa da guduma don mu ceci tsinkayen. Na wanke su ɗaya bayan ɗaya da soso da sabulu, na goge kaifin bakinsu, ta murza kowanne a kan tebur, wanda ya lanƙwashe ta fitar, domin dutse ba ya zamewa a karkataccen tsinke. Ta haɗa sabon kunu, ta ɗaga cokali ta nuna mini yadda ya kamata ya zuba, kamar kunun gyada mai kauri, ba ya tsinkewa kuma ba ya dunƙulewa. Tsomawa sau ɗaya ce, a miƙe, a zaro a hankali ana murzawa, a kafa a yashi ba tare da wani ya taɓa wani ba, a bar su su kwana. In da sauran danshi a ciki, wuta na taɓawa tururi zai ɓalle shi. Ta kuma gargaɗe ni cewa in ana share hudar dutse, a cikin ruwa ake yi, domin ƙurar busasshen kunun nan tana yi wa huhu lahani.

Dare huɗu ta yi ba ta kwanta da wuri ba, ni ina tsoma na gobe, ita tana kan wuta. Aka kai wa Hajiya kayanta a makare da kwana ɗaya, ta yi 'yan ƙorafe-ƙorafenta, ta biya.

Dutse ɗaya na hana a fasa. Yana nan a maƙale da tsinkensa, shuɗi mai ɗigon fari, na soke shi cikin gwangwanin alƙalumana a ofis, abokan aiki suna tsammanin abin motsa shayi ne. Rannan kuma na je gaida Inna, na tarar ta baza tsofaffin duwatsunta na aure a kan faifai za ta sake musu zare. Na ɗauki ɗaya na ɗaga shi saitin taga na leƙa, sai ga ɗan farin gari a manne cikin hudar. Ta ce, “Kai kuma me kake nema a ciki?” Na ce ta ba ni aron wannan zuwa gobe, zan kai wa Auta ta gani.