Yadda Tsabta Ta Kashe Mana Kifi Shida

A hutun Kirsimeti da ya wuce na sayo wa 'yar autarmu akwatin gilashi na kiwon kifi, mai cin ruwa lita 60, da jajayen kifayen nan na ado guda takwas. Ran nan muka cika shi da ruwan famfo, muka zuba su duka. Kafin mako ya kewayo ruwan ya yi fari kamar an ɗiga masa nono, kifaye suna ta hawowa sama suna haki. Na ce dauɗa ce. Sai na zubar da ruwan kaf, na wanke tsakuwa da soson matata tas a bakin famfo. Sau biyu na yi haka. Kowace safiya yarinya takan tashi ta ƙidaya, har saura biyu. Ran da na shida ya mutu ko tuwo ba ta taɓa ba.

Da aka koma makaranta na kai kuka wurin malaminmu na kimiyya. Ya ce, "Malam, ai tsabtarka ce ta kashe su."

Ashe kifi yakan fitar da wata guba, amoniya, ta inda yake numfashi da kuma cikin kashinsa. Akwai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya gani, wato bakteriya, masu manne wa tsakuwa da soso. Waɗansunsu suna juya amoniya ta zama naitirait, ita ma guba ce. Waɗansu kuma su juya wannan ta zama naitiret, wadda ba ta da zafi sosai. Sabon akwati kuwa ba shi da su, sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Ga shi kulorin da ke cikin ruwan famfo kashe su yake yi. Duk wankin da na yi, gidan jiya muka koma.

Ya ɗebo mini tsakuwa cikin hannu daga tsohon akwatinsa, kamar yadda ake zuba ɗan tsohon nono cikin sabuwar madara don ta kama. Ya ce abinci kaɗan, sau ɗaya a rana, gama ragowar ma ruɓewa take yi ta zama amoniya. Kowane mako in sāke kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kaɗai, da wanda ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti. Soso kuwa, a matse shi cikin ruwan da aka ɗebe daga akwatin.

Sai da muka yi mako shida kafin muka ƙara biyu. Uwargida har yanzu ba ta yarda da soson nan mai ruwan ƙasa ba. Jiya ma auta ta tsare shi da ta ga ta ɗauko sabulu.