Yawan GHz Ba Shi Ne Gudu Ba

Masu sayar da laftof 'yar gwanjo sun riƙe magana ɗaya: wai duba GHz, mai babbar lamba ita ce mai gudu. Wallahi abin na ci mini rai, don na san wata ƙanwata a Kabo da ta sayar da tumaki biyu kan wannan zance.

GHz bugu ne kawai, sau biliyan nawa injin ke bugawa a daƙiƙa. To kowane bugu aikin me ya yi? Mai ɗibar ruwa da moɗa komai saurinta, mai bokiti za ta riga ta cika randa. Pentium 4 ta kai 3.8 a 2004, ga zafi kamar murhu. A 2006 Intel ɗin dai ta fito da Core 2 Duo mai 2.4, ta wuce ta fintinkau.

Nan Gwarzo kuwa ƙurar hunturu ke toshe fanka, bazara na shigowa injin ya rage gudu da kansa kada ya ƙone. In RAM ta yi kaɗan, ko tsohon faifai ne ba SSD ba, sai na shanye shayina babi ɗaya bai buɗe ba.