Daga Rara zuwa Galmi: aiki a gidan mishan

Duk manomin albasa a ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo ya san sunan Galmi ko bai taɓa taka ta ba, saboda irin nan nata mai jan ɓawo wanda ke jure ajiya. Ni dai ba albasa ta kai ni ba. Sana'ata gyaran famfo da injin ban-ruwa, a gonakin rani na ƙasan madatsar Goronyo na koye ta. Wani ɗan kwangila, abokin kawuna, ya samu aikin sauya bututun ruwa a gidajen ma'aikatan asibitin mishan na Galmi, ya ce in biyo shi. Inna ba ta hana ba. Ta dai rako ni bakin zaure ta ce, "Kak ka yi wasa da salla, kuma ka lura da abin da kaka sa wa bakinka."

Daga Rara muka faɗa Sakkwato, muka bi ta Kware da Gwadabawa har Illela. Ɗan kabu-kabu ya tsallaka da mu Birnin Ƙonni, muka canza naira zuwa sefa, muka hau motar da ta nufi gabas a kan babbar hanyar Maraɗi. Bayan an wuce masana'antar siminti ta Malbaza sai ga Galmi, buhunan albasa jere a bakin kwalta, 'yan dako na loda manyan motoci masu zuwa Gana da Kodebuwa.

Na yi zaton da na tsallake iyaka zan ji ni baƙo. Ina! Hausarsu ta fi kusa da tamu a kan ta Kano, furarsu tamu ce, kiran salla na tashi ta ko'ina. Baƙunta ba ta soma ba sai da maigadi ya buɗe mana ƙofar gidan mishan.

Ƙungiyar SIM ce ta kafa asibitin a 1950, shekara goma kafin Nijar ta samu 'yanci, a hannun wani likita Ba'amurke, Burt Long. Dattawanmu sun san ƙungiyar tun zamanin asibitin kutare na Amanawa da ke kusa da Sakkwato. Bayan ɗakunan jinya akwai unguwa guda a cikin shinge: gidaje, itatuwan dogon yaro, ɗakin gyare-gyare, da filin da ƙaramin jirgi ke sauka ya rage wa baƙi tafiyar kusan kilomita 500 daga Yamai. A nan likitocin ke zaune da iyalinsu, wasu daga Amurka, wasu daga Ostareliya, wasu daga ƙasashen Afirka sun zo koyon tiyata.

Da safe kafin a taɓa aiki sai an yi ibada. Su yi waƙa da Hausa, a karanta Littafi Mai Tsarki, a yi wa marasa lafiya addu'a. Mu Musulmi 'yan ƙwadago mukan zauna a inuwa muna shirya sifana da zarto har su gama, ba wanda ya taɓa cewa mu shigo. Wanda ya ce maka wa'azi ba ya cikin abin da ya kawo su, bai faɗa maka gaskiya ba. Su kansu ba sa ɓoyewa. Wanda kuma ya ce da tilas suke yi, bai je ba. Wani dattijo Bahaushe mai bishara ya taɓa miƙo mini ɗan littafi. Na ce, "Baba, na gode, ina da nawa." Ya yi dariya ya ce, "To ɗana, Allah ya ba mu alheri." Daga nan hirarmu ta koma kan farashin taki.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne agogo da takarda. In an ce ƙarfe bakwai da rabi, to ita ce. Ko kan famfo ɗaya za ka karɓa a sito sai ka sa hannu, in ka cire tsohon kuma ka mayar da shi a gani. Da farko na ɗauka rashin yarda ne, sai na ga babban likita ma yana cike takardar kafin a ba shi ƙwan fitila.

Azumi ya same mu a can, cikin tsakiyar bazara. Wata rana ina kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanke a gidan wani likitan tiyata, gumi na shiga mini ido, matarsa ta kawo ruwan sanyi a kofi. 'Yarta ƙarama ta ja mata zane ta ce da Hausar Adar tsantsa, "Mama, shina azumi!" Matar ta ɗauke kofin tana ta ba da haƙuri. Dab da magariba sai ga yarinyar a ɗakinmu da ƙanƙara naɗe a tsumma da dabino. Haka aka riƙa yi har Salla. Mijin kuwa ban taɓa ganin ya cinye abincin rana ba. Ana kiransa zai ajiye cokali ya hau keke, ko an kawo wanda ya faɗi da babur, ko mace ta daɗe a kan gwiwa.

Zamansu irin na gidan gandu ne. Wanda kuka yi sa-in-sa da shi a wurin aiki shi ne maƙwabcinka, da shi za ku ci tuwon dare, gobe ku tsaya sahu ɗaya a coci. Na ga gajiya a fuskokinsu, na ga masu kewar gida, na ga waɗanda suka haɗa kaya tun kafin wa'adinsu.

Da yamma nakan zaga wajen masu jinya, inda aka baje tabarmi aka kafa murhu. A nan nake jin muryoyin gida: wannan daga Gada, wancan daga Sabon Birni, ga tsohuwa daga Goronyo ta sayar da akuya ta kawo jikanta. Abin yakan tsaya mini a rai, a ce jiha guda kamar tamu mai jami'a da manyan asibitoci, amma talakanta na ƙauye ya gwammace ya tsallake iyaka.

An so mu koma kashi na biyu na aikin, sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya sa aka rufe iyaka, kwangilar ta bi ruwa. Da aka buɗe a Maris 2024 na sake komawa, amma ba da sifana ba. Ƙanin kakana ne gwaiwa ta matsa wa, ya ce tun da na san maigadi da sito, ni zan riƙe masa jaka.